Ruwan Lemun Tsami: Abin Da Yake Yi Wa Haƙora

Tun daga shekarar 2020 da annobar korona ta ɓulla, shan ruwan ɗumi da lemun tsami da sassafe ya sami karɓuwa. Wasu don mura suke sha, wasu kuwa don rage tumbi. Lalle lemun yana ɗauke da bitamin C, amma batun narkar da kitse zance ne kawai.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne haƙori. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa tsami yana kashe haƙora, sai dai ya ɗauka abu ne na ɗan lokaci. To, kowane haƙori yana da farin ɓawo a bayansa, wanda ya fi kome ƙarfi a jikin ɗan Adam, har ƙashi. Duk da haka tsami yana narkar da shi, kuma in ya zaizaye ba ya sake tsirowa. A ma'aunin tsami da masana ke kira pH, inda ƙanƙantar lamba ke nuna ƙarfin tsami, ruwa zalla yana kan 7, ɓawon nan yakan fara narkewa daga wajen 5.5, alhali kuwa ruwan lemun tsami yana tsakanin 2 da 3. Da ɓawon ya yi siriri sai rawayan da ke ƙarƙashinsa ya bayyana, mutum ya riƙa jin zogi in ya sha ruwan randa ko shayi mai zafi.

Ɓarnar ta fi yawa ga mai kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe har azahar, domin ba ya ba miyau sukunin wanke tsamin. Zoɓo da kunun tsamiya ma 'yan gida ɗaya ne da lemun.

Sai kuma maganar aswaki. Da azumi mutum yakan buɗe baki da abin tsami, nan take ya goge haƙora kafin sallar magariba, a daidai lokacin da ɓawon ya yi laushi. Likitocin haƙori suna ba da shawara a tsarma lemun da ruwa mai yawa, a shanye lokaci guda, a kurkure baki da ruwa zalla, sa'an nan a dakata kamar rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya kafin a sa aswaki ko buroshi.