Na'urar ji da ake dasawa: wurin da aka maƙala ta shi ne magana

Bayan dodon kunne akwai ƙananan ƙasusuwa uku da ke miƙa girgizar sauti zuwa kunnen ciki. Na'urar Vibrant Soundbridge, wadda hukumomin Amurka suka amince da ita a 2000, ba ta tura amo ta ramin kunne. Ɗan maganaɗisu ne, kamar ƙwayar shinkafa, ake maƙala wa ƙashi na tsakiya domin ya riƙa girgiza shi.

To, idan mugunya ta cinye ƙasusuwan fa? A 2006 likitan Italiya Vittorio Colletti ya wallafa mafita: a jingina maganaɗisun da zagayayyar tagar kunnen ciki. Nan aikin ya fi wuya, domin tantanin tagar siriri ne. Muddin bai manne ba, girgizar za ta raunana, majinyaci ya sha tiyata amma jinsa bai ƙaru yadda aka zata ba.