Benen Agogon Makka: Kafin Ka Hau, San Abin da Za Ka Hango

Tun da aka ba da labarin cewa an koma aikin dogon benen Jidda a farkon 2025, bayan ya shafe shekaru a tsaye, muhawara ta sake tashi a majalisu da shafukan Facebook. Wasu sun ɗauka a Makka ake wannan gini da ake sa ran zai haura mita 1,000. Wasu kuma na rantsuwa cewa benen agogon da ke bakin Harami ya fi kowane gini tsawo a duniya. Duka biyun kuskure ne. Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828, shi ne kan gaba tun 2010. Sai Merdeka 118 na Malesiya mai mita 679, sai benen Shanghai na ƙasar Sin mai mita 632. Benen agogon Makka, da aka kammala a 2012, mita 601 ne, wato na huɗu. 

Abin da ya fi damuna shi ne yadda alhazanmu da masu Umara suka mayar da hawa saman wannan bene wurin ɗaukar hoto kawai. Tun da aka buɗe gidan tarihin da ke can sama a 2019, hawan ya zama cikin jerin ziyarce-ziyarcen masu hali. A hau, a ɗaga waya, a turo wa ƴan gida, a sauko.

Shirin hawan ba shi da wahala. Ana sayen tikiti, kuɗin kuma yakan sauya, don haka a tambaya a wurin kafin a yi lissafin guzuri. A kauce wa gab da lokacin salla, domin liftocin ginin kan cushe da masu sauka zuwa jam'i, kuma babu hoton da ya kai a rasa sahu a masallacin da salla ɗaya ta fi dubu ɗari a waninsa. Ranar da ƙura ta tashi ba a ganin nesa. Kunne kan toshe a cikin lifta, haɗiyar yawu na buɗe shi. Dattijo mai hawan jini ko jiri ya nemi shawarar likitan tawagarsa tukuna. Gidan tarihin hawa huɗu ne, yana nuna taurari da rana da wata da yadda ɗan Adam ya riƙa auna lokaci, agogon kansa kuma faɗin kowace fuskarsa mita 43 ne. Shi ke nan batun shiri.

Daga barandar kallo, Ka'aba tana can ƙasa ƙwarai, masu ɗawafi na kewaya ta kamar farin rawani ana naɗa shi. Ba ka jin hayaniya, ba ka bambanta Bature da Bahaushe, sai zagayen da ba ya tsayawa. Daga nan ido ya tafi kan duwatsun da suka kewaye garin, da fadar sarauta da ke kan dutsen Abu Ƙubais, da manyan otal-otal na Jabal Umar. Amma mutum nawa ne cikin masu hawa suka san a kan me suke tsaye?

A wannan wuri akwai wani tudu da ake kira Bulbul, a kansa akwai sansanin tsaro na dutse mai suna Ajyad, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 18, zamanin da Hijaz ke ƙarƙashin daular Turkawa ta Santambul, domin kare Harami daga mahara. Ya yi sama da shekara 200 yana tsaye. A watan Janairun 2002 aka rushe shi, aka baje tudun, aka kafa benaye bakwai na Abraj al-Bait a matsayin waƙafin Sarki Abdul'aziz. Gwamnatin Turkiyya ta yi tir da rushewar a lokacin, Saudiyya kuma ta ce lamarin cikin gidanta ne, kuma masauki ake nema wa baƙin Allah. Hujjar ba ta wasa ba ce. A 2012 alhazai sun haura miliyan 3, kuma dole a sama musu wurin kwana da wurin salla. Unguwar Shamiyya ma ta tafi a faɗaɗa masallacin da aka soma a 2008. Ni dai a ganina ana iya yi wa alhazai masauki ba tare da an shafe duk alamar waɗanda suka gabata ba, kuma garin da ya fi kowane gari daraja a wurin Musulmi ya cancanci a yi masa wannan taka-tsantsan.

To, mu ina ruwanmu da sansanin Turkawa? Ruwanmu shi ne, guguwar da ta ɗauke shi tana ɗauke tarihinmu ma, mu kuma ko a jikinmu.

Kafin jirgin sama ya zama hanyar alhazanmu daga shekarun 1950, kakanninmu da ƙafa suke zuwa. Mutum zai bar Kano ko Damagaram ko Katsina, ya bi ta Borno, ya ƙetare zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, ya wuce Abeche, ya shiga Darfur ta Janaina da Fashir, ya kai Ubayyid, sannan ya nufi gaɓar Bahar Maliya a Sawakin ko Port Sudan, ya jira kwalekwale zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru. In guzuri ya ƙare, sai a tsaya a yi ƙodago, da yawa a gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925, a tara kuɗi, a ƙara gaba. Ana aure a hanya, ana haihuwa, ana binne mamata. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello ya ja sauran mutanen da suka yi hijira tare da mahaifinsa zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu mai shuɗi. Garin yana nan a Sudan har yau, ana Hausa da Fulatanci a cikinsa.

Waɗanda suka isa Makka ba duka suka dawo ba. Sun zauna a unguwanni irin su Misfala da Jarwal da Hindawiyya da Shari'u Mansur, suna dako, suna ɗebo ruwa, suna karantarwa, matansu na sayar da abinci. Jikokinsu ne masu sunayen Hausawi da Barnawi da Fallata a Saudiyya. Usama Hausawi, wanda ya riƙe kambun kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafar Saudiyya, haifaffen Makka ne. Marigayi Shaihu Umar Fallata ya shafe shekaru yana karantarwa a masallacin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a Madina. Yau manyan ayyukan raya gari, irin babban titin Masar da ya ratsa yammacin Makka, sun share tsofaffin unguwanni da dama, mazaunansu sun watse zuwa bayan gari. Wanda ya tsaya a barandar nan ya dubi yamma, yana kallon inda wani ɓangare na wannan tarihi ya gudana, amma ba mai gaya masa.

Abin takaicin shi ne alhajinmu na yau ba ya ganin waɗannan mutane sai a matsayin ƴan Takari masu sayar masa da tuwo da miyar kuka a bakin masauki. Ya ci, ya yi ciniki, ya raina. Bai san cewa tsohuwar da ta zuba masa miya wataƙila kakanta da ƙafa ya taka daga Haɗejiya ba, tafiyar da shi ya yi cikin awa biyar yana gyangyaɗi a kujera. Gaskiya ne akwai masu zaman da ba bisa ƙa'ida ba, akwai masu ɓata mana suna. Wannan bai ba mu damar yi wa zuriyar da ta yi shekara ɗari a can kuɗin goro ba.

Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da aka kafa a 2006, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi suna shirya bita duk shekara. Ana koya wa maniyyaci ɗaura harami da canjin riyal. Me zai hana a ware ko da zama ɗaya a ba shi tarihin hanyar da kakanninsa suka bi, da sunayen unguwannin da suka zauna? Malaman da ke raka alhazai ziyara Jabalun Nur da Kogon Saur za su iya ƙara wannan ba tare da an kashe ko kwabo ba. Sassan tarihi na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Abdu Mumuni a Yamai kuma, me suke jira? Tsofaffin da iyayensu suka taka wannan hanya suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a Makka da Jidda da Mai Wurno, ga kuma yaƙin Sudan da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa mutane da takardunsu. A tura ɗalibai da na'urar naɗar murya yanzu, tun ana samun mai ba da labari.

Kai kuma maniyyaci, in Allah ya kai ka kuma aljihunka ya ɗauka, ka hau benen, babu laifi. Amma in ka sauko, ka nemi dattijo ɗaya daga cikin Hausawan Makka, ka gaishe shi da girmamawa, ka tambaye shi garin kakansa da yadda aka yi suka zo, ka rubuta abin da ya gaya maka.