3.2 Matsalolin Haɗa Modem da Linux

Modem na'ura ce da ke juya bayanan kwamfuta su koma sauti domin su bi ta layin tarho. Linux kuwa, wadda Linus Torvalds ya fitar a 1991, ba kowace modem take karɓa ba. Irin wadda ake kira Winmodem ta dogara ne ga manhajar Windows, saboda haka takan ƙi aiki. Mafita ita ce a jona modem ta waje a kafar siriyal, sannan a saita PPP da lambar kamfanin intanet. Sai dai a da, a ƙauyuka irin su Unguwar Lalle ta ƙasar Sabon Birni, rashin layin NITEL ne ya kasance babban cikas, domin a lokacin layukan sun fi yawa a birane. Wayar GSM, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ba ta bukatar wannan layi.