Macijin Bishiya Mai Manyan Idanu

A garuruwan da ke kewaye da Abuja, irin su Orozo da Karshi, gidaje suna ta kutsawa cikin gonaki da itatuwan mangwaro da kashu. Saboda haka ya kamata jama'a su san wani maciji mai zama a kan itace, wanda masana ke kira bumsilan. Sunan daga Afirka ta Kudu ya fito, ma'anarsa macijin bishiya.

Siriri ne, tsawonsa yakan kai mita 1 da rabi. Kansa gajere ne, ya yi siffar ƙwai, idanunsa kuwa dara-dara, da su aka fi gane shi. Namijin galibi kore ne, macen kuwa ƙasa-ƙasa. Da rana yake farauta. Yakan miƙa gaban jikinsa a sarari ya yi shiru kamar reshe, yana dakon hawainiya, ko ya leƙa sheƙar tsuntsu ya haɗiye ƙwai da 'ya'yan. Ba mafaɗaci ba ne, in ya ga mutum sulalewa yake yi. Sai an matsa masa yake kumbura wuya, ya kai sara.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne akwai waɗansu korayen macizai marasa lahani masu kama da shi, har ana cewa koren maciji ba ya kisa. Wannan kuskure ne babba. Da yake haƙoran dafinsa suna can cikin baki, masana ma sun daɗe suna raina shi. A shekarar 1957 wani ɗan ƙarami ya sari Karl Schmidt, shahararren masanin macizai na birnin Shikago a Amurka, a babban yatsa. Bai je asibiti ba, kashegari ya rasu.

Dafinsa yana hana jini daskarewa, amma a hankali yake aiki. Mutum yakan yi sa'o'i da yawa yana ganin lafiya lau yake, sa'an nan jini ya fara fita ta dasashi da hanci da fitsari. Don haka duk wanda maciji ya sara a kan itace, lalle ne a kai shi asibiti nan da nan, ko da ba ya jin zafi. Kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A faɗa wa likita inda macijin yake da kamanninsa.

Iyaye kuma su gargaɗi yara, lokacin mangwaro su duba reshe kafin su kai hannu.