Gargaɗi: A Bar Wa Motar Kwana-Kwana Hanya

Jama'a, hunturu ya ƙarato, lokacin da komai ke bushewa, iska kuma ke ɗaukar wuta daga wannan rumfa zuwa waccan. A watan Maris na 2016 gobara ta lashe dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A 2021 ta afka wa babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina, a 2023 kuma kasuwar Monday ta Maiduguri. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kullum kukanmu ɗaya ne: 'yan kwana-kwana ba su zo da wuri ba. To in sun zo, ta ina za su shiga? Faɗin motarsu kaɗai ya kai mita biyu da rabi, ga buƙatar wurin juyawa da shimfiɗa tiyo. Mu kuwa mun cinye hanya. Wannan ya turo katangarsa cikin layi, wancan ya dasa kwantena a bakin titi, mai tebur ya baje kaya a mashigar kasuwa, 'yan unguwa sun garƙame ƙofar layi saboda ɓarayi, mai makulli ya tafi barci. Ruwan tankin motar ba ya wuce 'yan mintuna, kuma in ba famfon gobara a kusa, sai ta koma ɗebowa, wuta na ci.

Ba cewa ake a rushe lungunan cikin birni ba. Amma sababbin unguwannin awon igiya da ake yankawa ba tsari, da sababbin benayen kasuwa masu matakala ɗaya, ba su da uzuri.

Ya kamata hukumar tsara birane ta daina amincewa da zanen ginin da ba shi da mashigar mota da ƙofar tsira. Shugabannin kasuwa su kwashe tebura da rumfunan da suka toshe manyan layuka tun yanzu. Masu unguwanni su tabbata makullin ƙofar layi yana hannun mai gadin dare. Magidanci ya bar taga ɗaya mai ƙarfen da ke buɗewa ta ciki, ya raba fetur da janareta da ɗakin kwana. Gwamnati ta tanadi ƙananan motocin da ke ratsa lungu, da rijiyoyin burtsatse a kowace kasuwa.

Duk wanda ya tare hanya, ya matsar da kayansa yau, tun kafin gobarar maƙwabci ta iso gidansa.