Kimiyya da kayan gida: hanyar riƙe ɗalibin da ke shirin barin lakwal

Daga ajin siziyam zuwa jarrabawar BEPC shekara huɗu ce kacal, amma a cikinsu ne Nijar ke asarar ɗimbin ɗalibanta. Yaron da ya baro ƙauye ya shiga CEG a Damagaram, Maraɗi ko Tawa yakan zauna gidan mai masauki, ga aji cike maƙil, ga darasi da Faransancin da bai gama zama a bakinsa ba. In maki ya gaza, sai maimaita aji ko kora.

A waje kuma akwai masu jiransa: kabu-kabu, tallar man fetur a bakin titi, ramukan zinariyar Jado, hanyar Aljeriya da Libiya. A Damagaram ga kuma ƙungiyoyin matasan da ake kira "pale", waɗanda Aicha Macky ta nuna rayuwarsu a fim ɗinta na 2021. Ga ƴan mata, haɗarin ya fi kusa: alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na matan ƙasar an aurar da su kafin shekara 18.

Talauci ne babban dalili, amma ba shi kaɗai ba. Matashi yakan bar aji ranar da ya daina ganin alaƙa tsakanin abin da ke kan allo da abin da zai ci da shi. A nan ne darasin kimiyya yake da damar da sauran darussa ba su da ita, domin ana iya taɓa shi da hannu.

Yawancin makarantun gwamnati ba su da ɗakin gwaje-gwaje, sai dai kayan gwajin na nan a kasuwa da madafi. Ruwan zoɓo ya isa: a ɗiga masa lemun tsami, jansa ya ƙara haske, a zuba masa kanwa, ya juya zuwa kore mai duhu. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ya fahimci bambancin asid da kishiyarsa tun kafin ya haddace sunayensu. Randa kuma tana sanyaya ruwa ne saboda danshin da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Da wannan dabarar ce wani malamin makaranta a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000.

Gona ma aji ce. Gawo yana kaɗe ganye da damina, ya bar wa hatsi rana, ya kuma ƙara wa ƙasa taki. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka riƙa barin kututture ya sake tofowa tun shekarun 1980 sun farfaɗo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5. Ɗan manomin da aka ce ya auna tsawon hatsin ƙarƙashin gawo da na fili, ya rubuta sakamako, zai gane cewa abin da mahaifinsa ya sani ma ilimi ne.

Akwai kuma abin koyi na gida. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fiziks ne da ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ONERSOL, kuma sunansa jami'ar Yamai ke ɗauke da shi. A yau akwai tashar wutar rana mai megawat 7 a Malbaza da mai megawat 30 a Gorou Banda, ga faranten sola a kan shaguna da rijiyoyin burtsatse. Mai girka su da mai gyara su dole ya san lissafin wuta, kuma tushen wannan lissafin yana cikin darussan koleji.

Harshe ma na da nasa tasiri. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Malamin da ya fara bayani da harshen da yaro ke tunani da shi, sannan ya ba shi kalmar Faransanci, ya rage masa rabin wahala.

Gwaji ba ya maganin yunwa, ba ya rage nisan hanya, ba ya hana a ɗaura aure. Waɗannan sai da abincin makaranta, da gidajen kwanan ɗalibai mata irin na Kelle a jihar Damagaram, da aiki da dokar 2017 mai kare karatun ƴa mace. Amma yaron da ke zumuɗin ganin sakamakon gwajin gobe ya fi wuyar janyewa daga aji.

Ƴan ci-rani masu aiko da kuɗi gida na da abin yi a nan. Ƙaramin faranten sola, batir, waya, ma'aunin zafi da tabaron ƙara girman abu ba su kai kuɗin salula mai kyau ba, kuma aji guda zai yi shekaru yana aiki da su a tsohuwar makarantar mai aikowa.