Motar Da Ba Ta Jira Ta Cika

Maganarmu ta yau a kan 'ya'yanmu ce masu tafiya karatu Ingila, da yadda za su yi zirga-zirga a can ba tare da hasara ko kunya ba.

Wannan tafiya ba baƙuwa ba ce gare mu mutanen Zariya. Dokta Barau Dikko, ɗan Wusasa, likita na fari daga Arewa, a Jami'ar Birmingham ya yi karatu. Har yau iyaye suna ɗaure ciki su aika da yara. Mukan gargaɗe su a kan sanyi, da abinci, da mugayen abokai, amma mukan manta da maganar mota. Ga shi kuwa kowace safiya sai sun shige ta.

Ku duba yadda muka saba. In ka fito daga Ƙofar Gayan za ka Samaru, sai ka tsai da Keke ko ɗan acaɓa, ku yi ciniki, ya kai ka Ƙofar Doka. Nan ka ji kwandasta yana kira, ka shiga bas, a jira ta cika. In ka iso, ka ce akwai mai sauka, direba ya taka birki. In kuɗinka ya kasa, ka ba da haƙuri. Wato a wurinmu baki ne yake kai mutum gida. A Landan kuwa abu uku ne: agogo, da kati, da taswira.

Na fari, agogo. Jirgin ƙasa ba ya jira ya cika. In lokacinsa ya yi, ko da mutum biyu a ciki, zai tashi. Bas kuma ba ta tsayawa sai wurin da aka kafa mata alama. Ka duba lambarta a goshi, ka miƙa hannu ta tsaya, in za ka sauka ka danna ƙararrawa tun kafin a iso. Ka lura, lamba ɗaya ce mai tafiya da mai dawowa, saboda haka ka tabbata gefen titin da ka tsaya. Su ta hagu suke tuƙi, mu kuwa mun koma dama tun 1972. In za ka ƙetare titi, dama za ka fara duba.

Na biyu, kati. Tun 2014 bas ɗin Landan ba ta karɓar tsabar kuɗi. Sai katin Oyster, ko katin banki irin wanda ake taɓawa, ko waya. A bas, sau ɗaya kake taɓa kati, wajen shiga, in kuwa ka canja bas cikin awa ɗaya ba za a sake cire maka kuɗi ba. A jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa, ka taɓa wajen shiga, ka taɓa wajen fita. In ka manta, sai a cire maka kuɗi mai yawa. Ɗalibin da ya kai shekara 18 yana iya neman katin ɗalibai, a rage masa kashi 30 cikin 100 na tikitin mako ko na wata.

Na uku, taswira. An buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan a 1863, yau yana da layi 11, kowanne da launinsa. Layin Piccadilly, mai launin shuɗi, shi ne yake ɗauko ka daga filin jirgin sama na Heathrow zuwa tsakiyar gari. An kasa birnin shiyya shiyya, kuma yawan shiyyoyin da ka ratsa, yawan kuɗinka. Saboda haka kafin ka kama ɗaki mai araha a bayan gari, ka lissafta kuɗin hanya tukuna. Araha ba ta ado.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. Akwai tashoshin da ba ƙofa, ba mai tsaro, ba kwandasta. Yaro zai ga kamar ba mai ganinsa. Amma masu bincike suna shigowa ba zato. Tun 2024 tarar wanda aka kama ba tikiti fam 100 ce. Wanda kuma ya ari katin ɗalibai na abokinsa, ana iya kai shi kotu, hukuncin kuwa yana iya zame masa ƙaya ranar da zai sabunta biza. Ɗana, 'yata, kada ki sayar da sunan gidanku a kan kuɗin mota. Amincin da ka koya a gida, a wurin da ba ido ake gwada shi.

Sai maganar sujada. Ran Lahadi jirage sukan makara wajen fara aiki, sau da yawa kuma a ƙarshen mako ake rufe wani layi don gyara. Ka bincika tun daren Asabar. Wani yaro daga ikkilisiyarmu ya ba ni labari, ran Kirsimeti na fari da ya yi a can ya ci ado, ya tsaya bakin titi cikin sanyi fiye da awa guda, bai ga mota ba. Bai sani ba, ran 25 ga Disamba ba bas ba jirgi a Landan. Saboda haka ka nemi majami'ar da za ka iya kai wa da ƙafa, ko ka roƙi wani ɗan'uwa mai mota tun da wuri.

Wannan tsarin Landan ne. Sauran garuruwa kowanne da nasa, sai ka tambayi ofishin ɗalibai da ma'aikatan tasha. Matambayi ba ya ɓata.

Iyaye, in kuna aika kuɗi, ku sa na mota a lissafi. Ubangiji ya kai 'ya'yanmu lafiya, ya komo mana da su lafiya. Sai mun sake saduwa.